Kurakuran da aka fi yi wajen shirya wa yaran nazare wasan hannu, da yadda ake gyara su

Idan ka shiga ajin nazare ka tarar da kifayen takarda ashirin a jere a bango, girmansu ɗaya, idon kowanne a inda ya kamata, babu gam ko ɗigo da ya zarce, to ka san hannun babba ne ya yi aikin. Malama ta kwana tana yanka, ta shafa gam, ta riƙe hannun yaro ta ɗora. Abin da yaron ya yi bai wuce danna tafin hannu ba. Wannan shi ne uwar kurakurai, kuma yawancin sauran daga gare shi suke fitowa: ana auna wasan da kyan abin da aka rataye, alhali amfaninsa yana cikin abin da yatsu da ido da tunanin yaro suka yi kafin a kai ga ratayewa.

Gyaran yana farawa daga daina ɗaga samfurin da aka gama a ce "ku yi irin wannan". Ɗan shekara uku ba zai iya ba, kuma ya san ba zai iya ba, shi ya sa yake tura takardar ya ce a yi masa. A nuna masa dabara kawai: ga yadda ake tsoma buroshi a goge a bakin kofi, ga yadda ake shafa gam a bayan takarda sannan a juya. Sau ɗaya ko biyu, a hankali, da ƙarancin magana, domin yaro ba ya iya bin baki da hannu a lokaci guda. Daga nan babba ya janye hannunsa. In yana son taya shi, ya ɗauki tasa takardar ya zauna a gefe, kada ya taɓa ta yaron.

Tambayar "mene ne wannan?" ma tana da illa. Sau da yawa ba komai ba ne, ja ne ya burge shi ya yi ta shafawa. Da zarar an tambaya sai ya gane ashe dole zane ya zama wani abu, ya fara jin kunyar nasa. Gara a ce "ba ni labarin wannan", ko a faɗi abin da ido ya gani: "Na ga ka cika wannan kusurwa da shuɗi, ga kuma dogon layi ya ratsa." Wannan ya fi "kai, ya yi kyau!" da ake jefa wa kowa ba tare da an duba ba. Yara suna gane yabon da ba a duba ba.

Kwaɓin wasa da ke manne hannu ko ya farfashe

Kwaɓin fulawa da yara ke mulmulawa kamar yumɓu ba shi da wuya, amma mutane da yawa suna yin sa sau ɗaya ya lalace su haƙura. Ga ma'aunin da ke aiki: fulawa kofi 2, gishiri mai laushi kofi 1, ruwa kofi 2, man girki babban cokali 2, ruwan lemon tsami babban cokali 2. A zuba kalar abinci a cikin ruwan tun kafin a haɗa, in ba haka ba kalar za ta fito zane-zane kuma ta rine hannun mai murzawa. A haɗa komai a tukunya har gudaji su baje, sannan a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa ba tsayawa. Cikin minti 3 zuwa 5 zai dunƙule ya saki jikin tukunya. A sauke, ya sha iska, a murza shi a kan tebur kamar minti biyar. Wannan ya ishi yara huɗu ko biyar, kowa ya sami curi kamar dunƙulen hannun babba. Ɗan mitsitsin da ake gutsura wa yaro ba ya ba hannu aikin komai.

In yana manne wa yatsu, bai dahu ba ne. A mayar da shi wuta minti ɗaya maimakon a yi ta barbaɗa fulawa har ya yi tauri. In yana farfashewa, ya bushe: a jiƙa hannu a murza, ko a ɗiga mai kaɗan. In ana jin tsakuwa-tsakuwa, gishirin mai manyan ƙwayoyi ne, sai a narkar da shi a ruwan tukuna. Farin ɓawon da ke fitowa a samansa kuwa gishiri ne da ya taso saboda an bar shi a buɗe. A riƙa ajiye shi a roba mai murfi ko leda a ɗaure, zai yi makonni. Ranar da ya canza wari ko ya yi furfura, a zubar.

Dafawar tana da wani dalilin: ɗanyar fulawa na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma babu yadda za a yi ɗan shekara biyu bai kai baki ba. Gishirin yana hana lalacewa kuma yana sa yaro ya tofar, amma yawansa haɗari ne ga ƙaramin jiki, don haka in yaro ya haɗiye da yawa a nemi likita. A kuma tambayi iyaye tun farko ko akwai yaron da jikinsa ba ya karɓar alkama.

Kuskure na ƙarshe a nan shi ne zube wa yara kayan fitar da siffa tun ranar farko. Sai wasan ya koma danna ka cire. A bar su da hannu zalla na kwanaki: su matsa, su tsunkula, su mulmula ƙwallo, su murza dogon maciji. Bayan nan a kawo muciya ƙarama da wuƙar roba.

Fenti, gam da takarda

An ba yaro kala shida, bayan minti biyu komai ya koma ruwan ƙasa, malama ta yi fushi. Laifin ba na yaro ba ne: ja da shuɗi da rawaya in suka haɗu abin da suke bayarwa ke nan. A ba da kala biyu kacal da ke haifar da ta uku mai kyau. Rawaya da shuɗi su ba da kore, rawaya da ja su ba da ruwan lemo. A zuba rawaya da yawa, mai duhun kaɗan, domin mai duhu yana cinye mai haske nan take. Kowace kala da buroshinta, kuma cokali biyu a murfi marar zurfi ya isa. In ya zube ba a yi asara ba. Haka gam: kwalba cike a hannun yaro tafki ce. A ɗiba masa kaɗan a murfi tare da ɗan tsinke mai faɗi.

Takarda ƙarama ma matsala ce. Ƙaramin yaro daga kafaɗa yake zane, sannan gwiwar hannu, sai daga baya wuyan hannu da yatsu su karɓa. Yana buƙatar fili. Bayan tsohon kwali da aka buɗe ya fi takardar littafi, kuma in an manna shi a bango yaro ya yi a tsaye, kafaɗa da wuyan hannu suna ƙara ƙarfi. A kan tebur, a manne kusurwoyin takardar da salatif don kada ta riƙa gudu.

Gaggawar fensir

Nan ne iyaye suka fi matsa wa makaranta lamba, suna son ganin shafi cike da haruffa. Amma hannu yana da tsarin da yake bi. Yawancin yara suna kwaikwayon da'ira a wajen shekara 3, gicciyen layi biyu a wajen 4, murabba'i bayan nan kaɗan, mai kusurwa uku kuwa sai wajen 5. Harafin da ke da layi a karkace, irin su A da K, yana buƙatar abin da ɗan shekara uku bai kai ba tukuna. In an tilasta shi, zai damƙe fensirin da ƙarfi, ya danna har takarda ta huje, hannu ya gaji, kuma wannan mummunan riƙon yana da wuyar saki daga baya.

Abin da ke shirya yatsu ba fensir ba ne. Yayyaga takarda ƙanana, matse soso daga kwano zuwa kwano, buɗe abin matse shanya a maƙala a bakin kwali, zura igiyar takalmi a manyan ramuka, buɗe murfi da rufewa, duk suna horar da babban yatsa da manuniya da na tsakiya. In lokacin zane ya yi, a ba da guntun alli ko guntun fensirin kaki da bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, ga yaran da suka daina kai abu baki. Gajartarsa ba ta barin a dunƙule hannu a kansa, dole yatsu uku su riƙe.

Almakashi ma da matakinsa. Ana miƙa wa yaro takarda mai laushi da hoton da'ira a ce ya yanka, takardar ta lanƙwashe, ya jefar. A fara da siririn kati mai ɗan tauri, faɗinsa kamar santimita 2, wanda datsa ɗaya zai raba. Sai mai faɗi da ke son datsa biyu ko uku, sai miƙaƙƙen layi mai kauri, lanƙwasa ita ce ta ƙarshe. Babban yatsa yana sama a hannayen biyu. Babba ya gwada almakashin da kansa, domin wasu na roba tauna takarda kawai suke yi. Bahago kuma a nema masa almakashin hagu. Na dama yana rufe masa layin da yake bi, kuma yadda yake matsawa yana ware bakin maimakon haɗe shi. Kada a sauya masa hannu.

Ƙirga da waƙa

Yaro ya rera ɗaya zuwa ashirin ba gargada, kowa ya tafa. A ajiye murafan kwalba goma a ce "miƙo mini uku", sai ya damƙo cikin hannu. Ya haddace jerin sunaye ne, bai san adadi ba. A koma ga abin taɓawa, kuma kada a wuce biyar da farko. Ya matsar da kowane murfi gefe yana faɗin lamba ɗaya, in ya gama a tambaye shi "to nawa ke nan duka?" In ya sake farawa daga ɗaya, bai riga ya gane lambar ƙarshe ita ce jimla ba, sai a ci gaba da yi da biyu da uku. Kwalin ƙwai yana da amfani ƙwarai: rami ɗaya, abu ɗaya. Raba wa abokan tebur kofi ɗaiɗai ma darasin lissafi ne cikakke.

Lokaci da yawan kaya

Ana zaunar da yara minti arba'in a kan aikin da babba ke jagoranta, sannan a ba su minti goma na wasan kansu. A juya lissafin. Aikin jagora minti 10 zuwa 15 ya isa, wasan da yaro ya zaɓa kuwa yana son minti 45 ko fiye ba katsewa, domin rubu'in farko yakan tafi a leƙe-leƙe kafin ya nutsu. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a rana, kada kuma a tsare shi wuri guda fiye da awa ɗaya a jere. Yaron da ke mutsu-mutsu a kujera sau da yawa jikinsa ne ke neman haƙƙinsa.

Tun 1907, lokacin da Maria Montessori, masaniyar ilimin yara 'yar Italiya, ta buɗe ajinta na farko a birnin Rum, ta sa kaya a kantoci daidai tsayin yaro, kowane abu da mazauninsa. Dabarar har yau tana aiki. Zube akwatin kayan wasa gaba ɗaya a ƙasa yana kawo jifa da rigima. A fito da ayyuka kaɗan, kowanne a tirensa da duk abin da yake buƙata, sauran a ɓoye a riƙa musanyawa bayan mako ɗaya ko biyu. Kada a ji dole sai sabon abu kullum. Yaron da ya kwana biyar yana ɗura ruwa ta mazurari bai ɓata lokaci ba. Batun raba kayan wasa da wani yaro kuma, ɗan shekara biyu bai iya ba tukuna. A tanadi mazurari biyu, kofi huɗu, a kuma taƙaita yara huɗu a bakin baho ɗaya.

Abin da ba a sassauci a kansa

Ma'aunin da ake gwada kayan wasan 'yan ƙasa da shekara 3 da shi a Amurka bututu ne mai faɗin santimita 3.17, duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya zai iya toshe maƙogwaro. Kwalin tsakiyar tishun bayan gida ya ɗan fi shi faɗi, don haka gwaji ne mai kyau: abin da ya zarce ta cikinsa, a ɗauke shi daga gaban ƙanana. Maɓallai, duwatsun ado, murfin biro da busassun ƙwayoyin hatsi duk suna ciki, kuma ba baki kaɗai suke shiga ba, har hanci da kunne.

Abu huɗu kada su shiga aji sam. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, wanda ke iya ƙone hanyar abinci cikin awa biyu in an haɗiye. Ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi, domin biyu in suka shiga ciki suna jan juna ta bangon hanji su huda shi. Ƙwallayen nan masu kumbura a ruwa, da ke ci gaba da girma a cikin ciki. Sai balan-balan da ba a hura ba ko guntun wanda ya fashe, da ke mannewa a hanyar numfashi. In ana zargin yaro ya haɗiye batir ko maganaɗisu, asibiti kai tsaye, ko da yana wasansa lafiya ƙalau.

Wasan ruwa kuma yana son babba ɗaya da aikinsa kawai kallo, kusa yadda hannunsa zai kai. Ruwan da bai wuce santimita 5 ba ya isa ya halaka ƙaramin yaro, kuma abin yana faruwa shiru, ba ihu ba fantsama. A shimfiɗa tsohon tawul a ƙarƙashin bahon saboda santsi, a ba yara soso su tsane tebur da kansu, kuma da zarar an tashi a zubar da ruwan a kife bahon kafin a juya ga wani abu.