Ɗakin kwantena a Yamai: saye, gyara da sayarwa

Ni mai walda ne, kuma yanzu kwantena ta cinye kusan rabin aikina: wannan yana son shago, wancan ɗakin mai gadi, wani kuma wurin kwana a filin da bai samu halin ginawa ba. Abin da nake fara gaya musu shi ne, kuɗin kwantena yana nan muddin ana iya ɗaga ta a tafi da ita. Gyaran da zai kafe ta wuri ɗaya asara ne.

Mai ƙafa 20 tsawonta kusan mita 6 ne, faɗinta mita 2 da rabi ba kaɗan, nauyinta tan 2 da ɗoriya. Mai ƙafa 40 ta kai mita 12, kuma shigar da ita lungun unguwa aiki ne ja, don haka ka auna hanya kafin ka biya. In za ka duba ta, je da rana tsaka, ka shiga a rufe ka a ciki. Duk inda ka ga haske, nan ruwan damina zai bi. Ka hau samanta kuma, domin wurin da ya lotsa yana riƙe ruwa, tsatsa daga nan take farawa. Katakon ƙasan galibi an jiƙa shi da maganin ƙwari, in ɗakin kwana ne a rufe shi da tayil. Lambar da ke jikin ƙofa, haruffa 4 da alƙaluma 7, ita za a rubuta a takardar ciniki, kuma ta dace da takardar duwan, wato kwastan. Mai sayarwa in ya fara kame-kame a nan, kama gabanka.

Kada ka ajiye ta a ƙasa. Kusurwowi huɗu ne ke ɗauke da nauyinta, sai a zuba mata ginshiƙin siminti huɗu masu tsayi ɗaya, in ba haka ba ƙofa za ta riƙa cijewa. Waɗanda ke kusa da kogi, irin su Lamorde da Kirkisoye, sun ga ambaliyar 2020, su ƙara tsayin ginshiƙi.

Babbar rigima ita ce zafi. A watan Afrilu da Mayu Yamai tana wuce digiri 40, cikin kwantena kuwa tanda ce. Mutane suna gaggawar sayen na'urar sanyaya ɗaki, alhali ƙarfen yana shan rana tun safe. Fara da rumfar kwano a sama, ka bar tazarar kamar rabin mita iska ta riƙa ratsawa, bakin rumfar ya zarce bango, musamman ta yamma. A ɗaure ta da noti, kada a yi mata walda, don ranar tashi a kwance ta cikin sauƙi. Sai farin fenti a waje, tagogi biyu masu kallon juna, silin da soso a ciki. Duk inda aka yanka taga a kewaye shi da ƙarfe mai kauri, saboda bangon shi ma yana tallafe da rufin. Kayan nan duk akwai su a kasuwar Katako. Wutar lantarki kuma ba wurin rowa ba ne: ɗakin gaba ɗaya ƙarfe ne, dole wayoyi su bi cikin bututu, a kuma kafa wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta taɓa ƙarfen cikin ƙasa.

In bakin titi za ka ajiye, nemi izinin ma'aikatar magajin gari tukuna.

Ranar sayarwa, wadda ƙofofinta na asali suke nan, kusurwowinta ba a taɓa su ba, ita ke saurin samun mai saye, don ko ɗan kasuwa zai maida ta sito. Ku yanke tun wurin ciniki wa zai biya motar ɗagawa da ta dako, a rubuta gaban shaidu. In filin naka ne kuma shi ma za ka sayar, a yi wa kowanne takardarsa da farashinsa daban.