Yadda na ceto ƙwarin Folsomia da nake kiwo a gawayi

Alhamdulillahi, fararen ƙwarin nan masu tsalle, Folsomia candida, da nake kiwo don su riƙa cinye fumfuna a akwatin kwaɗina, sun farfaɗo. A da, ina buɗe robar gawayi da ruwan da nake kiwon su a ciki sai wari, su kuma kwance kamar matattu. Na zargi ruwan famfo, na koma ruwan sama, shiru. Na sauya gawayi, shiru.

Ashe iska ce ta ƙare musu: shinkafar da nake ba su tana ruɓewa, murfi kuma a toshe. Na kwashe shinkafar duka, na rage ruwan zuwa santimita 1 a ƙasan gawayin, na huda murfin da allura, na liƙa ƙyalle mai laushi a kan hujin. Robar ta koma ɗaki mai sanyi, wajen digiri 22. Yanzu ɗan barbaɗin yis kawai nake zubawa, sai sun cinye in ƙara. Har 'ya'ya sun fara fitowa.