Dambe, Judo Ko Taekwondo: Yadda Sabon Shiga Zai Zaɓi Wasan Kare Kai

Kafin ka tambayi sunan wasan da ake koyarwa a wuri, fara tambaya ko ɗalibai na gwabzawa da abokin horon da ke tirjewa da gaske. Wanda ya shekara uku yana naushin iska bai san yadda jiki ke sandarewa ba in an ci kwalar rigarsa. Wanda ya yi wata shida ana kayar da shi yana tashi kuwa ya riga ya saba. Da wannan ma'aunin za ka auna duk abin da ke tafe.

Damben zamani, wato boksin, shi ya fi saurin ba sabon shiga abin da zai yi amfani da shi. Manyan naushinsa huɗu ne: miƙaƙƙe da hannun gaba, miƙaƙƙe da hannun baya, na gefe mai lanƙwasa, da wanda ke tasowa daga ƙasa zuwa haɓa. Sauran aikin duk na ƙafa ne, da sanin tazara, da kare fuska. Ana yin zagaye na minti uku da hutun minti ɗaya, kuma zagaye uku a kan buhu sun isa su nuna maka iyakar numfashinka. Kayan da za ka nema: bandejin naɗe hannu mai tsawon kusan mita huɗu da rabi, safar dambe mai lamba 14 ko 16, da robar kare haƙora. Kada ka doki buhu hannu tsirara. Ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa shi ya fi karyewa, domin sabon shiga yakan sauke naushi a kan gaɓoɓin yatsu biyu na ƙarshe maimakon na manuniya da na tsakiya. Illar boksin ita ce dukan kai, saboda haka guji wurin da ake sa sababbi su yi ta jibgar juna da ƙarfi.

Dambenmu na gargajiya, mai hannu ɗaya ɗaure da kara ɗayan a miƙe a matsayin garkuwa, yana koyar da jarumta da lissafin tazara. Sai dai a fage ake koyonsa, ba hular kariya, kuma kisa ake nema, wato a kai abokin karawa ƙasa da naushi. Ma'aikaci ko ɗalibin da ke son rage teɓa ya je kallo kawai.

A ɓangaren kamu da kayarwa, judo ne ya fi tsari. Jigoro Kano ya kafa shi a Tokyo a 1882 (sunansa bai da alaƙa da Kanon Dabo). Darasin farko shi ne faɗuwa: ka manna haɓa a ƙirji don ƙeya kada ta bugi ƙasa, ka doki katifa da tsawon hannu, kuma kada ka taɓa tokare ƙasa da tafin hannu, don a nan wuyan hannu da kafaɗa ke tafiya. Ko ba ka taɓa faɗa da kowa ba, wannan darasin zai yi maka rana a kan babur ko a santsin banɗaki. Sannan da riga ake kamu a judo, kuma rikicin titi yawanci da cin kwala yake farawa. Mai kaftani ya lura da wannan. Kokawa ma, wadda Nijar ke shirya mata gasar takobi tun 1975, tana ba da irin wannan tsayuwar ƙafa da ƙarfin kwankwaso, a kan yashi, kusan kyauta. Jujitsun Barazil ya ƙware ne kan abin da ke faruwa bayan an kai ƙasa, maƙure da murɗe gaɓa, amma kwanciya a kan kwalta kana kokawa da mutum ɗaya alhali abokinsa na tsaye ganganci ne.

Taekwondo na Koriya ya yi suna a wajenmu, musamman tun da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciwo wa Nijar lambar azurfa a gasar Olympics ta Rio a 2016. Yana buɗe ƙugu, yana ƙara zafin nama, ya kuma dace da yara. Mata ma na shiga gasarsa da hijabi a ƙarƙashin hular kariya. Giɓinsa shi ne dokar gasa ta hana naushi a fuska, sai ɗalibi ya saba sauke hannu. A karate kuwa makarantu sun bambanta ƙwarai, don haka ka tambaya: nawa ne lokacin kata, wato jerin motsin da mutum ke yi shi kaɗai, nawa ne na gwabzawa?

Je ka zauna ka kalli darasi guda cif kafin ka biya kuɗi. Duba ko ana ɗumama jiki na kamar minti goma, ko ana haɗa mutane daidai da nauyinsu, ko koci na zagayawa yana gyara wa ɗalibai tsayuwa ko kuwa yana gefe yana danna waya. Dubi katifar ma, domin wadda ba a gogewa ita ke yaɗa makero. Duk wanda ya yi maka alƙawarin baƙar ɗamara, wato shaidar ƙwarewa, cikin shekara ɗaya, ɗamarar yake sayarwa. Nisa kuma na da muhimmanci fiye da yadda ake zato: makaranta mai matsakaicin kyau da za ka isa cikin minti ashirin ta fi ta ƙwararru da sai ka hau mota biyu, don ta biyun ba za ka wuce wata biyu kana zuwa ba.

Fara da kwana biyu ko uku a mako, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da ranar hutu a tsakani. Hakan ya kai ka kusa da minti 150 na motsa jiki a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara. Gwabzawa ta jira sai bayan wata biyu ko uku, kuma a hankali. Mai hawan jini, ciwon zuciya, asma ko sikila ya ga likita tukuna. Lokacin zafi a yi atisaye da sassafe ko bayan la'asar, da azumi kuma bayan buɗa baki, ruwa a kusa. In an buge ka a kai ka ji jiri, amai ko ciwon kai da ya ƙi tafiya, ka daina nan take ka tafi asibiti, kada ka koma fage sai likita ya yarda.

Saura maganar wuƙa. Dabarun ƙwace makami da ake nunawa a bidiyo suna tafiya daidai ne saboda mai riƙe da wuƙar roba yana ba da haɗin kai. In mai ƙwacen waya ya zaro ta gaske, miƙa masa wayar, ja da baya har ka fita daga inda hannunsa zai kai, sannan ka ruga wajen jama'a kana ihu.