Idan za ki ɗauki riƙo, 'yar'uwa

Shekara tara ina ɗakin miji a Gwale, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Mun sha na asibiti, mun sha na gargajiya, har wani likita ya kawo mana zancen aron mahaifa: a haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta, a dasa a mahaifar wata ta raini cikin. A Amurka da Ingila ana yi, har maza biyu masu zama tare ta nan suke samun ɗa. Da muka tambayi malamai, sai aka ce majalisar fiƙihu ta Makka ta halatta shi tsakanin kishiyoyi a 1984, ta kuma janye a 1985. Muka haƙura, muka koma ga riƙo.

Ki fara duba cikin dangi. Ni 'yar ƙanin maigida na roƙa, tana da shekara uku. Kada ki yarda a yi maganar a tsaitsaye a gidan biki. A zauna gaban manya, a faɗi komai: wa zai biya makaranta, wa zai aurar, yaushe za ta je ganin uwarta. Mu Baffa ne ya yanke, duk sallah tana kwana uku a gidansu.

Sunan uba kuwa, kada ki taɓa shi. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da ubanninsu. A takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da rajistar makaranta, sunan mahaifinta na sa, duk da raina ya so akasin haka.

Ki yi tunanin muharramaka tun yaro yana goye. Idan namiji ne bai kai shekara biyu ba, 'yar'uwarki mai shayarwa ta ba shi nono, ya zama muharraminki wajen shiga ɗaki. Idan mace ce, 'yar'uwar maigida ta shayar. Ɗan riƙo ba ya gado, don haka ki mallaka masa kyauta da ranki gaban shaidu, ko ki yi wasiyya, iyakarta sulusi. Ni ɗan filina na Rijiyar Zaki na rubuta mata.

In babu a dangi, akwai gidan marayu na Nassarawa a Kano, ƙarƙashin ma'aikatar mata ta jiha. Ki bi ta hukuma, kada ki karɓi jariri hannun wanda ya ce a biya shi.

Daren farko da aka kawo mini yarinyar, ta ƙi sakin ledar kayanta, ta yi ta kuka tana kiran Umma. Ban ce mata ni ce Umma ba. Na goya ta ina zaga tsakar gida har aka kira assalatu. Da kanta ta raɗa mini Inna bayan wata biyu, ranar da nake mata kitso.