"Borrow" da "lend": wa ya karɓa, wa ya bayar?

Wata Asabar a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ƙanen wani abokina mai sayar da albasa ya miƙo mini wayarsa. "Yaya, duba mini wannan saƙon kafin in tura." Wani direba ne ya karɓi naira dubu 150 a hannunsa zai gyara mota, shi kuma yana so ya rubuta wa shugaban layinsu don a samu shaida. Abin da ya rubuta shi ne: "I borrowed the driver 150,000."

Na ce, "Ƙanena, wa ke bin wani?" Ya ce, "Ni ke binsa mana." Na ce to jimlar nan ba ta faɗi haka ba. Duk wanda ya karanta ta da Turancin makaranta, da ya ga "I borrowed" zai ɗauka kai ne ka ci bashi. Da bakinka kana neman ka mayar da kanka wanda ake bi.

"Borrow" na mai karɓa ne, "lend" na mai bayarwa. In abin hannunka zai shigo, kuma za ka mayar, kai ne ka yi "borrow". In daga hannunka zai fita, kana jiran a dawo maka da shi, kai ne ka yi "lend". Abin da yaron nan ya kamata ya rubuta shi ne "I lent the driver 150,000", ko ya juya ta ya ce "The driver borrowed 150,000 from me."

Ban ga laifinsa ba, don na san inda kuskuren ya samo asali. A Hausa saiwa ɗaya ce ke ɗauke da ɓangarorin biyu. Muna cewa "ara mini wuƙa", muna kuma cewa "na ari wuƙa" ko "na aro wuƙa". Muna cewa "ranta mini dubu biyar", muna cewa "na ranto dubu biyar". Ƙarshen kalmar da karin sautinta ne ke nuna wa ya bayar, wa ya karɓa. Inda Hausa ta fi sa ido shi ne a kan abin da ake mayarwa: aro na abin da za ka mayar da shi kansa ne, kamar tabarma ko tsani, rance kuwa na abin da za ka kashe ka biya da irinsa ne, kamar kuɗi ko mudun shinkafa. Turanci bai damu da wannan ba, "borrow" ɗaya ce ga tsani da naira. Shi inda ya raba kalmominsa shi ne a kan wanda hannunsa ke sama da wanda nasa ke ƙasa.

Sannan ga Legas ita kanta. Yarabawa ma kalma ɗaya suke amfani da ita, "ya", ga mai ara da mai aro. Turancin buroka, wanda shi ne harshen tasha da kasuwa daga Agege har Obalende, "borrow me" yake cewa. Kuma a buroka wannan daidai ne, harshe ne mai ƙa'idarsa, har BBC ta buɗe masa sashe a 2017. Wanda ya sauko daga Kano ko Sakkwato ya koyi Turancinsa a bakin 'yan dako da kwandastocin danfo, kullum kunnensa "borrow me" yake ji, ta yaya zai san akwai wata kalma? Don haka in kana ciniki a kasuwa ka ce wa maƙwabcinka "borrow me your biro", ba wanda zai ɗaga kai. Damuwata tana kan takarda: saƙon waya da za a iya nunawa gobe, wasiƙar neman aiki, takardar banki, da jarrabawar WAEC, wadda babban ofishinta na Najeriya yana nan Yaba. A can "borrow me" kuskure ne.

Gyaran "borrow me" hanya biyu ce, ka ɗauki wadda ta fi maka sauƙi a baki. Ko ka ce "Lend me your pen", ko ka ce "Can I borrow your pen?" Ni ta biyun nake ba yara shawara, don ta fi ladabi, kuma da ka fara da "Can I" ka san kai ne mai karɓa.

Akwai kuma waɗanda aka gyara musu sau ɗaya, sai tsoron "borrow" ya kama su, suka koma "Can I lend your charger?" Nan ma an kauce, domin mai neman caja ba shi ne mai bayarwa ba. Abin da zai taimake ka shi ne 'yar kalmar da ke biyo baya: "borrow" da "from" take tafiya, "lend" da "to". In ka kasa sa "from" a jimlarka, sake dubawa.

Wasu kan rubuta "lended". Babu ita, "lent" ake cewa. In kuma biya kake yi kafin ka yi amfani da abu, kamar shago ko baro, wannan haya ce, "rent" ko "hire".

Inda nake so kowa ya natsu shi ne wajen sa hannu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma yanzu sau da yawa a rubuce yake zuwa, daga bankunan masu ƙaramin jari da manhajojin ba da rance na waya. A takardunsu za ka ga "borrower" da "lender". Na farko shi ne mai cin bashi, wanda zai biya. Na biyu shi ne mai kuɗin. Akwai kuma "guarantor", wanda ya tsaya wa mai cin bashi, kuma in wancan ya kasa biya, shi za a nema. Kada ka sa sunanka ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu sai ka tabbatar da wanda kake. Mun taso muna jin aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, tana umartar a rubuta bashi, kuma wanda ake bi shi ne zai yi shifta. Rubutun da ya juya mai bi ya koma wanda ake bi bai cika wannan manufar ba.

Shi ya sa ban tsaya kan gyara kalma ɗaya ba a saƙon yaron. Na ce ya kira direban, shi ya rubuto da wayarsa: "I borrowed 150,000 from you", da ranar da ya karɓa da ranar da zai biya. Direban ya turo kafin la'asar, yaron ya tura wa shugaban layi, ya koma kan buhunan albasarsa.