Yadda za ka sabunta manhajar sa ido kan sabar ba tare da bayananka sun salwanta ba

Abin da mutane da yawa ba su sani ba game da Zabbix, manhajar sa ido kan sabar, shine, da zarar ka kunna sabon bashon, misali daga 6.0 zuwa 7.0, shi da kansa zai hau canja tsarin databes ɗin, kuma daga nan ba komawa baya, tsohon ba zai ƙara iya karanta shi ba. Don haka babban aikin kafin ka taɓa komai yake.

Da farko tsayar da zabbix-server, sannan ka ɗau bakof, wato kwafin ajiya, na databes, da umarnin mysqldump in databes ɗinka MySQL ne, pg_dump in PostgreSQL ne. Duba sarari a faifai tukunna don Allah, saboda teburan history, inda ake tara tsofaffin bayanai, ba ƙaramin girma suke yi ba. Ni ya taɓa faruwa da ni, faifai ya cika a tsakiyar aiki fayil ɗin ya yanke, ina ganinsa da nauyinsa na ɗauka lafiya lau ne, ashe rabi ne. Tun daga ranar nake leƙa layin ƙarshe na fayil ɗin mysqldump, in ban ga "Dump completed" ba to ban yarda ba. Kai ko ka gani ma, loda shi a wata na'urar gwaji ka buɗe jadawalin watan jiya ka ga ya fito da idonka.

Sai ka kwafi /etc/zabbix gaba ɗaya, haɗe da 'yan sikirif ɗin da kake tura faɗakarwa da su.

In Prometheus, wata manhajar sa idon, kake amfani da shi, tarkon daban ne: kwana 15 kawai yake ajiye bayanai in ba ka faɗa masa ba. Idan da ka sa masa shekara guda sai sabon kunshin ya danne saitin naka, yana tashi zai goge tsofaffin. Kwatanta saitin kafin ka kunna. Grafana kuma, manhajar nuna jadawali, fayil ɗin grafana.db zaka adana, mai amfani da Docker, manhajar da ke gudanar da wasu manhajoji cikin kwantena, ya tabbatar bayanan suna kan volume, wato ma'ajiyar waje, ba cikin kwantena ba.

Yanzu ka sabunta Zabbix ɗin, ka buɗe zabbix_server.log kana kallon kason canza databes ɗin yana hawa. In ya tsaya wuri ɗaya ya jima kar ka kashe shi, babban tebur yake juyawa, haƙuri kawai. Bakof ɗin nan kuma bar shi ya yi sati biyu kafin ka goge.