Yadda ake kallon kurege da sauran ƙananan namun daji a bayan gida

Wanda gidansa ke bakin gari a Tahoua, inda katangu suka ƙare gonakin hatsi da tudun duwatsu suka soma, yana da kurege a maƙwabtaka ko bai taɓa ganinsa ba. Kuregen ne ke riga ganin mutum, ya shige rami.

Fara da neman ramin. Duba gindin aduwa da magarya, tsohon shuri, ƙarƙashin tarin duwatsu da gefen shingen ƙaya. Bakin ramin kurege bai wuce a zura dunƙulen hannu ba, kuma sau da yawa akwai wata ƙofar ta gudu nan kusa. Rami mai mai shi za ka ga sabuwar ƙasa a bakinsa, da ɓawon gyaɗa ko ƙwallon magarya da aka gaigaya. In yanar gizo ta rufe bakin, ko busassun ganye sun cika shi, an tashi. Ko wanne ne, kada ka sa hannu, kada ka zura sanda: tsohon rami ɗakin kububuwa ne da kunama.

Sai lokaci. Kurege ba ya yawon dare, kuma ba ya sammako. Sai rana ta ɗan ɗaga yake leƙowa. Da ɗari, watannin Disamba da Janairu, ka ba shi har wajen ƙarfe 8 ko 9. Da bazara, Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ka kasance wurin tun ƙarfe 7, don kafin hantsi ya yi ƙarfi ya nemi inuwa, sai kuma bayan la'asar. Wanda ya fita da azahar rana kawai zai sha.

Zama shi ne aikin, kuma nan mutane ke faɗuwa. Zauna taki 20 zuwa 25 daga ramin, bayanka jingine da itace ko katanga don kada siffarka ta fito fili, rana a bayanka. Sa tufafi masu launin ƙasa, bar farar riga a gida, kashe ƙarar salula. Minti 15 na farko ba za ka ga komai ba, kuma daidai nan ne mai gaggawa ke miƙewa ya ce babu kowa a ramin. Daure. Hanci ne ke fara fitowa, sannan kai, sai ya tsaya cak yana saurare. In ya yarda da wurin ya fito gaba ɗaya, za ka ga jikinsa ruwan ƙasa, da farin zane guda a kowane gefe daga kafaɗa zuwa ƙugu, da wutsiya buzu-buzu da ta kusa kai tsawon jikinsa. Yakan miƙe kan ƙafafun baya ya duba gari, ya riƙe ƙwallo da hannu biyu yana juyawa kamar mai cin goriba. Lura da wutsiyar: in ya ɗaga ta yana kaɗawa, gashin ya bubbuɗe, ya tsargu da kai. Kada ka motsa, kada ka nuna shi da yatsa, zai koma kiwonsa. Kwana 4 ko 5 kana zama wuri guda a sa'a guda, sai ya soma ɗaukar ka kamar kututture. In za ka ɗauki hoto, ɗaga wayar tun kafin ya fito.

Masu yawon dare kuwa ƙasa ce za ta ba ka labarinsu. Da magariba share wuri mai faɗin mita 1 kusa da shinge, tankaɗe rairayi mai laushi a kai da rariya, ka dawo da asuba kafin awaki su tattake. Ƙananan sawu kusa da juna, na mai gajerun ƙafa, bushiya ce. Sawu biyu-biyu da layi a tsakiya jan wutsiyar ƙadangare ne ko damo, ko da yake su da rana suke yawo. Layi mai lanƙwasa babu ƙafa, maciji ya wuce, sai a riƙa fita da tocila da takalmi rufaffe. Iskar hunturu na shafe sawu, don haka zaɓi gefen katangar da ke kare iska.

A rani ruwa ya fi kowane abinci kira. Binne kasko har bakinsa ya yi daidai da ƙasa, zurfin ruwan santimita 3 ko 4, ka sa dutse a ciki don ɗan abin da ya faɗa ya samu matakala. Kurciya da hasbiya ne ke fara zuwa, jan gwada ya biyo yana gyaɗa kai. Ajiye kaskon nesa da ɗakin kwana da akurkin kaji, aƙalla mita 15, a fili mai shara, saboda ruwa na jawo ɓera, ɓera na jawo maciji. Zubar ka sake kowane kwana 2. Ruwan da ya yi mako a kwance sauro ya ƙyanƙyashe a ciki. Da damina ta sauka, shamuwa ta dawo, kife kaskon.

Batun abinci, ra'ayinmu shi ne a bari. Wanda ya saba wa kurege da gyaɗa ya koya masa hanyar rumbu, kuma shi ne zai bi layin shuka yana tone iri tun bai tsiro ba. Maƙwabci mai gona ba zai ga abin sha'awa a nan ba. Yara su kalla daga nesa, ban da gwafa, ban da kamawa: kurege na da cizo mai zurfi, jikinsa na ɗauke da ƙuma. Dila ko karen daji da ya shigo gari da rana tsaka ba ya tsoron mutane, a guje shi, yana iya zama mai ciwon hauka. Duk wanda dabba ta ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya nufi likita ranar nan.